Jika 380, kuɗin kawu, da kwamfutar da za ta ɗauki wasa

Wasiƙar wannan mako daga wani ɗalibi ta zo, ɗan shekara ta biyu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maradi. Ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita:

"Yaya, ina wuni. Shekara biyu ke nan ina tari, duk hutu ina zama a shagon cajin salula, har na haɗa jika 180. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai fatauci tsakanin nan da Kano, ya ce zai cika mini jika 200 in sayi ordinatar saboda karatu. Karatun zan yi da ita, amma tun ina koleji abin da ke raina shi ne in samu wadda zan buga wasannin FC da GTA a kanta, kuma ban faɗa masa ba. Wani mai shago ya nuna mini HP EliteBook siririya, Core i7, ram 16, a kan jika 220, ya ce babu wasan da ba za ta ɗauka ba. Abokaina na fada sun ce in saya in riƙe canji. Wani ya ce in ba kawu kuɗin ya sayo a Kano. Na rasa na kamawa, kuma ina jin nauyin kawu."

Ƙanena, lafiya lau, kuma na ji daɗi da ka rubuto tun kuɗin yana aljihunka. Yawancin masu wannan tambaya sai bayan aikin gama ya gama suke zuwa, na'ura a hannu, rai a ɓace.

Idan don wasa ne, kada ka sayi EliteBook ɗin nan. Ba wai ba ta da kyau ba ne. Na'ura ce mai ƙarko, an ƙera ta saboda ma'aikacin ofis da ke son abu marar nauyi mai riƙe caji. Amma abin da wasa ke ci ba ya cikinta. Wasa katin hoto yake ci, wanda masu gyara ke kira kart girafik, shi ne ke zana filin ƙwallo da ƴan wasa da inuwarsu sau sittin a cikin daƙiƙa ɗaya. Yawancin siraran na'urorin ofis, EliteBook ne ko Latitude ko ThinkPad, ba su da kati mai zaman kansa. Wani ɗan ɓangare ne a cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ke yin aikin, zai nuna maka Intel UHD ko Iris Xe, kuma daga ram ɗin na'urar, wurin da take riƙe aikin da take kai, yake ara. Ya isa kallon bidiyo da rubuta memuwar, kundin kammala karatu. Ka sa masa FC, wasan ƙwallon nan, sai ka ga ɗan wasa ya tsaya cak a tsakiyar fili, kafin ya motsa an ci ka.

Rubutun i7 ɗin nan shi ya fi cin kuɗin mutane a garin nan, don haka bari in tsaya a kansa. Core i7 sunan gida ne. Tun 2008 kamfanin Intel ke fitar da furosesa da wannan suna, kuma a gida ɗaya akwai kaka akwai jika. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. Idan ka ga i7-4600U, lambar farko tana gaya maka zuriya ta 4 ce, ta 2013. Idan i7-8650U ce, zuriya ta 8. Harafin ƙarshe ma magana yake yi: U na masu tsimin batir ne, wajen wat 15 suke ci, H kuwa na masu aikin ƙarfi ne, wajen wat 45. Saboda haka i5-12450H, zuriya ta 12 ta 2022, ta bar waccan i7-8650U nesa ba kusa ba, ko da yake sunanta i5. Mai shagon bai faɗa maka lambar ba, kuma ina zaton kai ma ba ka tambaya ba. Duk abin da bai kai zuriya ta 8 ba ma ka bar shi ko don karatu ne, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zuriya ta 8 take farawa.

To wane kati? Mu fara da abin da wasan da kansa ya nema. Lokacin da kamfanin EA ya sauya sunan FIFA ya fitar da FC 24 a 2023, mafi ƙanƙantar katin da ya ce a zo da shi GTX 1050 Ti ne mai giga 4, da ram 8, da wurin ajiya giga 100. Wanda ya ba da shawara a kai kuwa GTX 1660 ne da ram 12. GTA V ya fi sauƙi, tun 2015 yake kan kwamfuta, sai dai sabon fasalinsa na 2025 ya ƙara nauyi. Da wannan ma'auni, GTX 1650 mai giga 4, ɗan 2019, shi ne ƙasan tsani, ƙasa da shi kada ka sauka. Samansa akwai GTX 1660 Ti da RTX 2060 masu giga 6, akwai RTX 3050, sai RTX 3060 na 2021, sai RTX 4050 da 4060 na 2023. Kada sabon suna ya ruɗe ka a nan ma: tsohon 1660 Ti mai giga 6 ba ya jin tsoron RTX 3050 mai giga 4. Idan kuma ka ga tambarin Nvidia, kamfanin da ke yin waɗannan katunan, kore a jikin na'ura amma sunan katin da MX ya fara, irin MX150 ko MX250, wuce kawai, ɗan rakiya ne.

Jika 380 a kuɗin Turai ba su wuce yuro 580 ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Sabuwa dal a kwali mai RTX 4050 da wuya wannan kuɗi ya kawo ta ƙofar gidanku. Inda kake da ƙarfi shi ne okaziyon, wato wadda aka taɓa aiki da ita, mai lafiya: irin su Acer Nitro 5, Asus TUF, HP Victus, Lenovo Legion ko IdeaPad Gaming, Dell G15, masu 1650 ko 1660 Ti ko 3050, idan rabo ya rantse har 3060. Kuma ga dalilin da ya sa nake cewa kuɗin ya tafi kan kati: a kwamfutar cinya katin a like yake da allon uwa, yadda ka saye shi haka za ka rabu da shi. Ram da diski kuwa ana ƙarawa. Gara mai kati nagari da ram 8, baɗi ka ƙara wani 8 ɗin, da mai ram 16 babu kati. Ka dai sa a buɗe bayanta ka ga akwai gurbi na biyu, domin sanda biyu na 8 sun fi sanda ɗaya na 16 gudu a wasa. Diski ya zama SSD, irin mai saurin nan, aƙalla giga 512. Mai 256, FC da GTA kaɗai sun cika shi kafin ka ajiye darasi ko ɗaya.

Akwai wata dabara da ba ta buƙatar ilimin komai. Ka ce a ba ka cajar, ka ɗaga ta a hannu, ka karanta bayanta. Na'urar ofis wat 45 ko 65 take ci, cajarta kamar sabulun wanka. Ta wasa daga wajen 120 take farawa har 230 ko fiye, cajarta kamar rabin bulo. Idan aka haɗa maka na'urar wasa da ƙaramar caja, ko wadda ba ta asali ba, to na'urar za ta rage wa kanta ƙarfi, ko batir ya riƙa zuba alhali tana jone. Ko kati iri ɗaya ma ba ƙarfinsa ɗaya ba: RTX 4050 wani kamfanin wat 35 yake ba shi, wani har 115, suna ɗaya, gudu daban. Siririyar na'ura ita ake yi wa rowar wuta saboda ba ta da inda za ta kai zafi.

Zafin nan shi ne abin da masu bidiyon YouTube na Turai da Amurka ba za su gaya maka ba, domin ba a ɗakin kwano suke zaune ba a watan Afrilu. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa na'urarsu ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke gani, kafin a yi maganar ɗakin da rana ta wuni tana dukan rufinsa. Furosesa idan ta kusanci 95 zuwa 100 sai ta ja birki don kada ta ƙone, wasan da ya fara lafiya bayan minti ashirin ya koma tsalle-tsalle. Ga ƙurar hunturu da ke shiga fanka ta dunƙule kamar auduga. Saboda haka ka zaɓi mai kauri, mai fanka biyu, mai manyan ƙofofin iska a baya da gefe, ko da abokan fada za su ce ba ta da kyan gani. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako ko murafun kwalba biyu iska ta ratsa ta ƙasa. Duk ƙarshen hunturu ka kai ta a buɗe a share, idan ta kwana biyu a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya.

Wannan da kuɗina na koye shi. Wasu shekaru da suka wuce na saya wa ɗan yayata okaziyon a wani shago. Shagon da sanyin na'ura, aka kunna mana ita, hoto tar, fitilun madannai suna canza launi, yaron sai murmushi yake yi. Minti biyar ba mu yi ba na ƙirga kuɗi, ko takarda ban karɓa ba. Sati uku bayan haka, ana tsakiyar bazara, ya kawo mini ita da dare, allon duk layuka kore da ja kamar zanen atamfa. Da mai gyara ya buɗe, ya haska fitilar salularsa ya nuna mini gefen katin: wurin ya yi ruwan ƙasa, ga ragowar man dalma ya bushe a kewaye. Katin ya taɓa mutuwa, aka gasa shi da iska mai zafi ya farfaɗo na ɗan lokaci, aka sayar. Na koma shagon aka ce ba a san da maganar ba. Har yau ina tuna yadda yaron ya naɗe cajar a hankali ya sa a jaka bai ce komai ba.

Don haka ranar saye ka ware wuni guda, ka tafi da wanda ya san na'ura, kuma kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga ɓangaren da ke nuna aikin na'ura, can za ka ga sunan furosesa da lambarta, da yawan ram, da sunan katin da gigarsa. Abin da Windows ta faɗa shi ne gaskiya, takardar da aka manna a jiki kowa na iya manna ta. Sai ka sa a kunna wasa mai nauyi, a buga rabin awa cur, caja a jone, kuma idan da hali a wajen ɗakin sanyi. Ka saurari fanka: huci ba laifi ba ne, amma ƙarar gurzawa ko shiru gaba ɗaya matsala ce. Ka kula ko hoto zai yi layi, ko ya ɗauke, ko na'urar ta mutu da kanta. Ƙaramar manhaja irin HWiNFO tana nuna zafi, CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar diski da awoyin da ya yi yana aiki, duka kyauta ne, ka zo da su a kile. Batir kuma, a buɗe cmd, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa ka ji ko maƙalar ta saki. Ka duba kusoshin baya, idan sun sha sukudireba har sun cinye, tambayi abin da aka gyara. Daga ƙarshe takarda: sunan na'ura, lambar jikinta, kuɗi, da kwanakin garanti, da sa hannu. Mai shagon da ya ƙi gwajin rabin awa ya riga ya ba ka amsa.

Maganar Kano. Gaskiya ne kaya sun fi yawa a can, Farm Centre da titin Beirut ba a rasa zaɓi, kuma canjin naira yakan taimaki mai sefa. Amma kawunka ɗan kasuwa ne, ba masanin kwamfuta ba, kuma i7 ɗin da aka nuna maka a nan ita za a nuna masa a can. Idan ta lalace bayan sati biyu, sai ka bi Dan Issa, ka ƙetare Jibiya, ka wuce Katsina kafin ka ga fuskar wanda ya sayar. Sannan madannan can QWERTY ne, tsarin Ingilishi, kai kuwa da Faransanci za ka rubuta memuwar, kana neman é da è da ç. Ana iya sauya tsarin a Windows, amma abin da ke rubuce a kan maɓalli ba zai dace da abin da ke fita ba sai hannu ya saba. Kan cajar ma mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai ka nemi adafta. Duk waɗannan ƙanana ne idan ka samu na'ura tagari. Idan Kano za a, to ka bi shi ku je tare, ka yi gwajin da hannunka.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Kwamfutar wasa ba ta da daɗin zama da ɗalibi. Ta haura kilo biyu, ga cajarta, kullum a bayanka a kan kabu-kabu. Idan ana rubutu batirinta ƴan awoyi ne, idan wasa ne kuwa awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma da ka zare caja ƙarfin katin ke faɗuwa. Ka san halin wutarmu. Kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma ba ka manta da watan Agusta 2023 ba, da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Ƙaramin fano na gida mai kunna ƙwan fitila da cajin salula ba zai ja wat 180 ba. Idan wuta ta ɗauke ka zare caja, sai ta dawo ta daidaita ka mayar, kuma cikin kuɗinka ka ware na regilatar. Ga intanet: wasa mai giga 100, da sabuntawar da ba ta ƙarewa, forfen salula ba zai ɗauka ba sai ka samu wifi. Na san ana tura kwafin sata a shaguna da araha, amma da yawansu da ƙwayar cuta suke zuwa, kuma a na'urar da ke ɗauke da aikinka na shekara uku za ka zuba su.

Shi ya sa nake so ka auna wata hanya kafin ka yanke. Kuɗin nan dama kashi biyu ne. Jika 200 na kawu su sayi na'urar karatu, irin EliteBook ɗin nan ma ta yi idan zuriyarta ta kai 8 kuma an rage kuɗin. Jika 180 na gumin ka kuma su nemi PlayStation 4 okaziyon da manet biyu. Ta tsufa, tun 2013 take, amma GTA V na kanta, FC 24 da FC 25 duk sun fito a kanta, kuma ƙwallo da abokai a gaban talabijin ta fi daɗi a kan mutum huɗu su cusa kai a allon inci 15. Idan ɗaya ta lalace ɗaya na nan. Ranar jarrabawa kuma za ka iya barin wasan a gida ka tafi da karatun, abin da ba ya yiwuwa idan su biyun a allo ɗaya suke. Idan FC da GTA ne kawai burinka, ni wannan zan zaɓa maka. Inda kwamfutar wasa ta fi ita ce idan karatunka na buƙatar kati, kamar zanen gini da AutoCAD ko aikin taswira, ko kana da niyyar koyon haɗa bidiyo ka riƙa yi wa masu biki aiki. A nan katin zai iya mayar da kuɗinsa. Ba ka faɗa mini fannin da kake karanta ba, kai ka san inda ka faɗo.

Ko wacce ka ɗauka, kawu sai ya ji daga bakinka. Nauyin da ka ce kana ji, nauyin ɓoyon ne. Mutumin da ya ɗebi jika 200 daga jarinsa saboda ɗan ƴar'uwarsa ya cancanci ya san abin da kuɗinsa ya saya. Kuma na'urar wasa ba ta ɓoyuwa, fankarta kaɗai daga zaure ake ji, ga fitilu, ga yaran gida da za su kai labari. Ranar da ya ji a bakin wani, ba wasan ne zai ɓata masa rai ba, cewa zai yi ka mayar da shi wanda ake yi wa wayo, kuma mahaifiyarka ce za ta ji kunya a tsakani.

Ka same shi shi kaɗai, bayan la'asar ko bayan isha, ba a gaban yaran shagonsa ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka yi godiya, sannan ka ce: "Kawu, akwai abin da nake so ka sani kafin a sayi na'urar nan. Ina son wasan ƙwallo na kwamfuta, shi ya sa ma na yi shekara biyu ina tari. Kuɗinka na karatu ne, kuma a karatu zan sa su. Nawa ne nake so in sa a wasan, idan ka yarda." Ka nuna masa takardar sakamakonka ta bara idan mai nunuwa ce. Ɗan kasuwa yana ganin girman yaron da ya tara jika 180 daga cajin salula, wannan ka riƙe shi a ranka lokacin da kake magana. Zai iya yin faɗa, ka yi shiru ka saurara. Zai iya cewa a bari sai ka gama shekarar nan. Idan haka ya ce, ka karɓa, ka sayi ta karatun, ka kai jika 180 ɗinka wurin mahaifiyarka ta ajiye maka, kada su zauna a aljihu a fada.

Idan kun daidaita kuma ka tashi zuwa kasuwa, ka ɗauki hoton allon nan mai nuna lambar furosesa da sunan kati, da hoton bayan cajar, ka turo mini kafin ka ƙirga ko dala. Zan duba maka a ranar.